Tarin Fulogi

Shekara arba'in da ɗaya tsohon makaniken ya yi a gareji, kuma akwai abu ɗaya da bai taɓa ganin ya canza ba: mota ba ta yin ƙararta a gaban mai gyara. Mutum zai shigo yana gumi, yana rantsuwa cewa tun safe take kuka kamar za ta tarwatse, amma da an tayar da ita sai ta yi luf, kamar yau aka fito da ita daga kamfani. Saboda haka ya fito da tasa dabarar. Sai ya goge hannu da tsumma, ya dubi mai motar, ya ce, "To, yi mini ƙarar da bakinka." Ya sha tsayar da manyan mutane masu tumbi a tsakiyar gareji suna ƙiii-ƙiii da gur-gur-gur, shi kuwa ya karkata kai yana saurare. Daga nan ya ɗaga bonet ya kai hannu daidai wurin.

Da hannun ya fara rawa har sifana tana kuɓuce masa, sai ya bar wa waɗanda ya koyar garejin, ya dawo gida. Abu biyu ya taho da su: kunnensa da kyanwarsa. Kyanwar nan a cikin injin wata tsohuwar mota ya tsince ta shekara shida da suka wuce, 'yar mitsitsiya, ta yi baƙi ƙirin da mai. Da aka wanke ta sai ta fito fara tas, ya sa mata suna Fulogi. Tun daga ranar duk inda ya sa ƙafa tana biye. Shi ke zuba mata abinci, shi ke taje ta, shi ke canza mata yashin akwatin da take bayan gida. Tun ranar da wani guntun kwalba ya yanke ta a ƙafa a cikin yashin, bai ƙara yarda ya zuba mata shi ba sai ya zauna a bayan gida ya tankaɗe shi da hannunsa.

Wata biyu ke nan Fulogi ta fara tari. Takan tsuguna ta manne da ƙasa, ta miƙe wuya gaba, ta yi ta yi kamar za ta amayar da wani abu, amma ba abin da ke fitowa. Can sai ta haɗiye, ta lashe baki, ta ci gaba da harkarta kamar ba ita ba.

Wata safiya suna shan shayi, matarsa ta ajiye kofi. Tela ce, kekenta na kusa da taga, kuma tun suna da ƙuruciya yake kiranta Shugaba, don ba a yanke magana a gidan sai da ita.

"Baban Auta, magana za mu yi."

"In Shugaba ta kira taro, wa zai ƙi zuwa?"

"Ba wasa nake yi ba. Ƙarshen wata Auta za ta zo da jaririn, za su yi mana mako uku. Ka san yadda yaron nan ya zo duniya. Ko dai likita ya rubuta mini a takarda, ya sa hannu, cewa tarin nan ba ya kama mutum, ko kuwa kafin motar Auta ta tsaya a ƙofar gidan nan kyanwarka ta koma sito wurin ƙanina. Dama ɓeraye sun ishe shi."

"Sito? Fulogi da take kwana kan matashi?"

"Jikanka fa?"

Ya ajiye kofinsa. Auta ita ce ƙaramar 'yarsu, tana aure a wani gari, kuma ɗanta ya zo kafin lokacinsa. Shi kansa ya tsaya a bayan gilashi ya ga yaron a cikin kwalbar asibiti, ƙirjinsa na ɗagawa kamar na ɗan tsuntsu. Ya san matarsa ba ta faɗi ƙarya ba. Ya dubi Fulogi da ke kwance kan takalminsa.

Asibitin dabbobi na unguwar ɗaki biyu ne, tsakanin shagon aski da kantin magani. Mai shi kowa Likita Dogo yake ce masa, don ko ƙofar asibitinsa sai ya sunkuya yake shiga. Wannan ne zuwansu na uku. Na farko ya ba da maganin da ke fitar da gashin da kyanwa ke haɗiya in tana lasar jiki. Na biyu ya ba da maganin tsutsar ciki. Tarin bai ko gezau ba.

"Baba, Mama, sannunku. Fulogi, me na yi miki kike ɓata mini suna a unguwa?"

Ya ɗora ta kan tebur, ya manna mata abin sauraron ƙirji. Fulogi ta lumshe ido ta shiga gurnanin jin daɗi, ƙurr-ƙurr, har likitan ya kasa jin komai.

"Ta ƙi kashe injin," in ji makaniken. "Haka suke, Likita. Da sun ga mai gyara sai su warke."

Likita Dogo ya yi dariya, ya cire abin daga kunne, ya jawo kujera ya zauna don idonsu ya daidaita.

"Bari in gaya muku gaskiya. Iyakata ke nan. Zatona asma ce take damunta."

"Kyanwa ma tana yin asma?" in ji Shugaba.

"Ƙwarai kuwa, Mama. Amma zato nake yi, ban tabbatar ba. Akwai tsutsar da ke shiga huhu, akwai ƙwayoyin cuta, akwai abin da ya shafi zuciya, duk sai an duba an cire su ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa ba ni da kayan da zan ga cikin ƙirjinta da kyau."

"To rubuta mini dai cewa ba ya kama mutum."

"Ba zan sa hannu kan abin da ban sani ba, Mama. Amma zan tura ku wurin wadda ta fi ni. Likita ce a babban asibitin dabbobi, aikinta ke nan, ƙirji da numfashi."

Makaniken ya gyaɗa kai, ya ji likitan ya ƙara girma a idonsa. "Ni ma in mota ta zo da matsalar waya ba na jagwalgwalawa," ya ce. "Wurin mai waya nake turawa."

Likitan ya rubuta takarda a tsanake: shekarun kyanwar, nauyinta, magungunan da ya ba ta da ranakunsu, da abin da yake zato. Ya buga waya ya samo musu ranar Laraba ta mako mai zuwa. Ya ja musu kunne cewa in suka ga ta buɗe baki tana haki, kada su jira Laraba, su ɗauke ta nan take. Sannan ya ce, "Abu ɗaya zai taimaka mata ƙwarai. Ku ɗauki bidiyon tarin a waya, tunda ba ta yi a gabanmu."

"Ai ba sai an ɗauka ba," in ji makaniken, yana tattare wandonsa a gwiwa. "Tsaya ka gani, haka take yi..."

Shugaba ta damƙe masa gefen riga. "Wallahi in ka durƙusa a nan, gida zan tafi in bar ka."

Aikin bidiyo ya zama aikin mutum biyu. Shi ke da kunne, amma hannunsa na rawa. Ita ke da waya da hannu mai kyau, amma ƙarar keken ɗinki ba ta bari ta ji komai. Ko yana bakin ƙofa ne, da ya ji hak ɗin farko sai ya ƙwala kira, "Shugaba! Ta fara!" Ita kuwa sai ta nemi tabarau, ta nemi waya a ƙarƙashin yadi, ta buɗe, kafin ta iso Fulogi ta gama tana lasar ƙafa.

Ranar farko sun samu fankar sama tana juyawa, minti biyu cur. Rana ta biyu sun samu silifas ɗinsa, da muryarta tana cewa, "Matsa mana, ka tare mini!" Rana ta uku wayar ta juyo da fuska, aka samu hancin Shugaba ya cika hoton tana tambaya, "Ina take? Ina ta shiga?" Wannan shi ya tura wa Auta ba tare da izini ba, Auta ta bugo tana dariya har tana shaƙewa. Rana ta biyar ce ta fi kyau, don jelar kyanwar ta fito sosai a ƙarƙashin kujera, sai dai rediyo na kunne, ba a jin komai sai labarai.

Shi kuwa bai tsaya jiran waya ba. Ya ɗauko wani tsohon littafin gareji mai bango da dattin mai, ya ja layi, ya shiga yi wa Fulogi irin tambayoyin da yake wa mota. Da sanyin safiya take yi ko bayan ta yi zafi? Tana tsaye ko tana gudu? Me ta yi kafin ta fara? Duk tari sai ya rubuta rana da lokaci da abin da ya gabata, da rubutunsa mai karkarwa. Shugaba ta leƙa sau ɗaya ta ce, "Saura ka rubuta mata lambar mota," sannan ta koma neman ƙaramar rariyarta, wadda ta ɓace mata a kicin tun watannin baya.

Akwai kuma abin da yake yi a ɓoye. In ya ji keken ɗinki ya ɗauki ƙara, sai ya zagaya bayan gida kusa da tankin ruwa, ya shimfiɗa kwali, ya durƙusa yana gwada tarin. Yana so ya same shi daidai, don ya san ƙarar da aka kwaikwaya rabi da rabi ta fi rashinta ɓatar da mai gyara. Ranar Lahadi sai ga maƙwabciyarsu ta yi sallama da kwalbar maganin tari a hannu.

"Maman Auta, don Allah ku kai Baba asibiti. Kwana uku ina jinsa ta katanga, tarin nan ba na wasa ba ne."

Shugaba ta karɓa, ta yi godiya, ta raka ta har ƙofa. Da ta dawo sai ta tsaya a kansa da kwalbar.

"Ka ga abin da ka jawo mana? Ka yi mini alkawari yanzu. Ranar Laraba, a gaban babbar likita, gwiwarka ba za ta taɓa ƙasa ba."

Auta ma ta sa baki ta waya. "Baba, don girman Allah kada ka ba mu kunya. Asibiti ne fa, ba gareji ba."

Ya yi alkawari.

Ranar Laraba suka ɗauki tasi, Fulogi na cikin kwando mai murfi a kan cinyarsa. Babban asibitin na da falo mai faɗi da kujeru a jere, ga warin maganin goge ƙasa. Wani kare na zaune da wani abu kamar mazurari a wuya, yana kallon kowa da kunya. Wani aku a keji yana ta gaishe da duk wanda ya wuce. Makaniken bai ko yi murmushi ba. Yana lissafi a zuci: saura kwana tara motar Auta ta tsaya a ƙofa.

Likitar gajeriya ce, da furfura a gaban kai, tabaranta na rataye da igiya. Ta gaishe su, ta tambayi hanya, sannan ta karanta takardar Likita Dogo daga farko har ƙarshe a gabansu, ba ta tsallake layi ba. Ta buɗe kwandon ta bar Fulogi ta fito da kanta. Ta duba dasashinta, ta shafa maƙogwaronta, ta saurari ƙirji hagu da dama, ta ƙirga numfashi da agogo. Fulogi ta zauna kyam kamar mai jiran a ɗauke ta hoto. Ko atishawa ba ta yi ba.

"An ce kun zo da bidiyo?"

Shugaba ta miƙa wayar tana kallon gefe. Likitar ta kalli fanka, ta kalli silifas, da ta zo kan hancin sai ta cire tabarau ta share ido.

"Mama, ki yafe mini. Amma fankar nan ta fito da kyau."

"Yi dariyarki, 'yata. Kowa ma ya yi."

Likitar ta mayar da wayar, ta nutsu. "Zan ɗauki hoton ƙirjinta, zan ɗebi jini da kashi a gwada. Amma hoto kaɗai ba ya faɗin komai da komai. Wata kyanwar tana da asma hotonta ya fito kamar lafiyarta ƙalau. Kuma a idon mai kallo, tari da yunƙurin amai kusan abu ɗaya ne. Da zan ji abin da kunnena, da na san inda zan fi sa ido."

Makaniken ya kafa ido kan wani hoton ƙasusuwan kare da ke bango. Maganar na nan a bakinsa, amma alkawari ya yi. Sai ya ji matarsa ta ja dogon numfashi. Ta dubi kyanwar, ta dube shi, ta miƙo hannu.

"Kawo hular. Sauka ka yi mata."

"Ai na yi alkawari, Shugaba."

"Wa ka yi wa? Ni ce, kuma na yafe. Sauka, kada wandon ya yage dai."

Ya sauka a hankali, gwiwa ɗaya bayan ɗaya. "Likita, iri biyu ne, kada a haɗa su. Wannan na gashi ne, tun tana ƙarama take yinsa." Ya ɗaga baya, ya motsa ciki, ya yi guluk-guluk, ya buɗe baki kamar abu zai faɗo. "Wannan kuma shi ne sabon." Ya kwantar da ƙirji kusa da ƙasa, ya buɗe gwiwar hannu, ya miƙe wuya gaba, ya shiga hak, hak, hak, busasshe, kowane ɗaya da ɗan siririn fito a bayansa. A ƙarshe ya haɗiye, ya lashe baki.

Shugaba ta rufe fuska da hular. Amma likitar ba dariya take yi ba. Ta tsuguna kusa da shi har rigarta na taɓa ƙasa.

"Sake yi mini na biyun, Baba. Fiton nan, lokacin da take shaƙar iska ne ko lokacin da take fitarwa?"

"Fitarwa. Iska na shiga lafiya lau, fita ce take ba ta wuya. Har da ciki take turawa, ga shi nan." Ya nuna. "Kamar motar da salansarta ta toshe."

"Ka tabbata?"

"'Yata, hannuna ne ya tsufa."

Likitar ta miƙe tsaye. "Shekara ashirin ina yi wa mutane wannan tambaya. Yawanci sai su ce mini, tari ne dai kawai. Abin da ka nuna mini shi ne yadda asma take yi. Hanyoyin iska ne ke matsewa, iska ta shiga ta rasa hanyar fita."

Fulogi, wadda ke kallon abin duka daga kan tebur, ta miƙo ƙafa ta dafa masa sanƙo. Nan Shugaba ta kasa riƙewa, dariya ta ƙwace mata a cikin hular.

Aka shiga da kyanwar ciki, aka dawo da ita bayan rabin awa tana fushi da kowa. Likitar ta kunna hoton a allo, ta nuna musu da bayan biro. Zuciya girmanta daidai. Amma ga wasu 'yan zobba-zobba a warwatse cikin huhu, ta ce hanyoyin iska ne da bangonsu ya yi kauri. Sannan ta lura da littafin da ke leƙowa daga aljihunsa.

"Wannan fa?"

"Katin aikinta ne," ya ce, da ɗan jin nauyi.

Ta buɗe ta bi layi-layi, tana sa ɗigo da biro. Ta koma farko ta sake bi. "Tari goma sha huɗu a kwana tara. Goma sha ɗaya a ciki ka rubuta, ta fito daga yashi. Wane irin yashi kake zuba mata?"

Fuskarsa ta washe. "A nan kam ba ta da matsala, Likita. Tun da kwalba ta yanke ta, da kaina nake tankaɗe mata shi. Sau biyu. Da babbar raga tukuna, sannan da 'yar ƙaramar rariya, har sai ya yi laushi kamar hoda."

"Rariyata!" in ji Shugaba. "Kusan wata uku ina zargin maƙwabta!"

"Yaushe kwalbar ta yanke ta?" Likitar ta tambaya a hankali.

Ya buɗe baki zai amsa, sai ya tsaya. Wata biyu da rabi. Ya tuna yadda Fulogi ke tona yashin da ƙafa, farar ƙura na tashi tana rufe mata fuska, shi kuwa yana tsaye yana jin daɗin laushinsa. Shi da ya yi shekara arba'in yana faɗa wa mutane cewa ƙura ce ke kashe inji.

"Ashe ni ne," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"A'a, Baba. Ba kai ka sa mata asma ba, da abarta take. Ƙurar tayar da ita kawai take yi. Kuma ba don littafin nan ba, da sai mu yi wata da watanni muna nema. Daga yau a sayo mata yashin kyanwa marar ƙura, a ajiye akwatin inda iska ke wucewa."

Shugaba ta gyara zama, ta yi gyaran murya. "Likita, turaren feshi fa? Irin na gwangwani. Misali a ce wani yana fesawa kan akwatin kullum saboda wari."

"Shi ma yana tayar da ita, Mama."

"To, mu biyu ne ke nan," ta ce, ta mayar masa da hularsa a ka, ta daidaita ta. "Yanzu abin da ya kawo ni. Ina da jika mai zuwa, bakwaini ne. Abin nan yana kama mutum?"

"In asma ce, ba ta kama kowa. Kuma kusan na tabbata ita ce. Amma ba zan sa hannu ba sai gwajin jini da na kashi sun fito. Kwana uku."

"Ku likitocin nan bakinku ɗaya."

Kafin su tafi likitar ta nuna musu abin shaƙar magani, wani ɗan bututu mai murfin roba da ake kifawa a hancin kyanwa. A danna sau ɗaya, a bar ta ta ja numfashi goma. Ta ce su fara saba mata da murfin tun yanzu ba magani a ciki, su riƙa ba ta abin da take so bayan kowane gwaji. Aka raba aiki nan take: Shugaba za ta riƙe, shi zai ƙirga. Har sun kai ƙofa ta tsayar da su.

"Baba, ina koyar da ɗalibai. Za ka yarda in ɗauki bidiyon tarin nan naka, iri biyun, in riƙa nuna musu?"

Ya dubi matarsa.

"Yi mana," in ji Shugaba. "Amma a samo wani ya riƙe wayar."

Ranar Asabar da la'asar aka yi sallama, sai ga Likita Dogo ya sunkuyo ta ƙofar falo da ambulan a hannu. Ya ce amsa ta zo daga babban asibiti, kuma ya ga bai kamata ya bari su kwana ba su ji ba. Babu tsutsar huhu, babu alamar ƙwayar cuta. Asma ce. Ba ta warkewa gaba ɗaya, amma da ƙwayar magani ta 'yan kwanaki, sannan abin shaƙa safe da yamma, Fulogi za ta yi rayuwarta kamar kowace kyanwa. Shi zai ci gaba da duba ta a unguwa, su koma wurin babbar likita bayan wata ɗaya.

Shugaba ta sa tabarau, ta karanta takardar sau biyu tana bin ta da yatsa. Ta tsaya kan layin da ya ce ciwon ba ya yaɗuwa ga mutum, babba ko jariri. Ta karanta na ƙasansa, wanda ya ce a nisanta akwatin yashi da ɗakin jariri, a riƙa wanke hannu, kada a bar kyanwa ta kwana a gadonsa. Ta duba sa hannun har da ɗaga takardar sama wajen haske. Sannan ta manna ta a ƙofar firij, ta ɗauki waya ta kira ƙaninta.

"Ka nemi wata kyanwar, ka ji? Wannan ta yi ritaya ita da maigidanta."

Makaniken ya miƙe daga kujera. Ya sunkuya ya ɗauki Fulogi, ya kara kunnensa a haƙarƙarinta, ya daɗe a haka.

Ƙarshen wata motar Auta ta tsaya a ƙofa da hantsi. Ta shigo da jaririn a kafaɗa, ya yi ɓul-ɓul, kumatu kamar za su faɗo. Uwarta ba ta bari ta zauna ba sai da ta kai ta gaban firij. Auta ta karanta, ta gyaɗa kai, ta juya ta ɗora wa mahaifinta yaron a cinya. Fulogi ta matso ta shanshana tafin ƙafarsa daga nesa, ta ga ba abin ci ba ne, ta koma ta kwanta kan takalmin maigidanta. Kwananta huɗu ke nan ba ta yi tari ba, kuma littafin ya shaida.

"Wai da gaske ɗalibai suna kallonka, Baba?"

"Aji guda," in ji Shugaba kafin ya amsa. "Likitar ta ce har tsayar da shi take yi tana maimaitawa. Ai ni na ce masa ya sauka."

Auta ta sha ruwa, sannan ta ce, "Af, Baba, motar nan tana wata irin ƙara in na sha kwana. Sau biyu ina kai ta gareji, da na isa sai ta daina."

Tsohon ya gyara wa jikansa kwanciya a hannu, ya karkata kai gefe.

"To, yi mini ƙarar."

"Haba, Baba!"

"Da bakinki. Ina saurare."

Auta ta dubi uwarta neman ceto. Shugaba ta riga ta sa tabarau, tana laluben waya a ƙarƙashin yadi.

"Tsaya, kada ki fara tukuna," ta ce. "Bari in nemo jan maɓallin."